VHT Engine Enamel da firaimarsa: fentin da na shafa wa injin tsohon babur ɗina

Fentin gwangwani na yau da kullum ba ya zama a jikin injin babur. Zafi ya dafa shi, fetur ya ɗiga masa daga kabreta, sai ka ga yana saɓulewa. Shi ya sa da na kwance injin tsohon babur ɗina don in sabunta shi, na ɗauki VHT Engine Enamel baƙi, tare da firaimarsa (fentin ƙasa da ake fara shafawa) mai ruwan toka.

A jikin gwangwanin an rubuta yana jure zafi har digiri 288 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ya wadatar wa silinda, da kan silindar, da murafan gefe. Salansa kam a'a, zafin wuyanta ya wuce nan nesa. Ita akwai nata daban, FlameProof.

Mutane da yawa na tsallake firaima, wai asarar lokaci ce. Ban yarda ba, musamman a murafan alminiyam, don alminiyam ba ya riƙe fenti kamar baƙin ƙarfe. Na wanke maiƙo sarai, na bi da samfefa har ƙyallin ya mutu, na sake gogewa, sannan na daina taɓa wurin da hannu, don ko maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Na rufe ramin filogi da duk fuskar da gasket ke zama. Firaimar ta kwanta lafiya, ba ta cike ƙananan rubutun da ke jikin murfin ba, abin da ya fi burge ni ke nan.

Feshi biyu marasa kauri, na uku ya ɗan fi jiƙa, da tazarar minti 10 a tsakani. Ko dai ka gama duka cikin awa ɗaya, ko ka haƙura sai bayan kwana 7, in ba haka ba sabon ya tattare na ƙasa. A tsakanin haƙarƙarin silinda aikin ya fi wuya: feshin ba ya isa can ciki, kana matsowa kuma sai ya zubo a baki-baki. Gara ka bar shi siriri, tunda ta nan iska ke sanyaya injin.

Kada bushewarsa ta ruɗe ka. Ƙarfinsa ba ya cika sai an gasa shi, a digiri 93, ko kuma zafin injin ya yi aikin. Kafin nan a kiyaye shi da fetur. Man birki kuwa ko bayan gashi ban ba shi amana ba.

Fentin da ake haɗawa da hadna (sinadarin da ke sa fenti tauri) ya fi shi tauri, amma yana buƙatar abin rufe hanci na ƙwarai da wurin feshi na musamman. Ga mai aiki a gida, da zan sake wani injin, VHT ɗin zan kuma saya.