Tiyata ko gashin ƙashi ga kafaɗar ɗan gasar ninƙaya

Wanda ke ninƙaya ta gasa kullum hannunsa na wulwulawa sama da kai sau dubbai, to sau da yawa wataran kafaɗa kan yi ƙorafi, har ɗauko kofi daga saman kanta sai ka ji tsam kamar an soka allura. Daga nan zaɓi biyu ne.

Gashin ƙashi dai ba wuƙa ba ɗinki, likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashin, zai sa ka jan roba kana ƙarfafa tsokoki 4 ɗin da ke riƙe da kan kafaɗa, a rage maka mitocin da kake yi a ninƙaya, a gyara yadda hannu ke shiga ruwa. Wata 3 zuwa 6, akwai gundura wallahi, amma baka bar ruwa ba.

Tiyata kuwa sai in jijiya ko guringuntsi ya yage sosai. Da ƴar kyamara ake shiga ta ƙananan huji, sai hannu ya zauna a rataye sati 4 zuwa 6, barci ma a kishingiɗe, komawa gasa kan kai wata 6 ko fiye kuma ba kowa ke dawo da tsohon gudunsa ba. Kuma fa bayan aikin ma gashin nan na jiranka. Ni dai in hoton cikin kafaɗa na MRI bai nuna yagewa ba, fisiyo zan fara.