Masu mota a yi hattara: in motarka na mutuwa a silo kar ka yarda a yanke maka salansa

Jama'a don Allah ku karanta wannan ku tura wa duk mai motar da kuka sani, abin nan da ni ya faru kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

Motata ce ta tsiri wani hali, in ina kan totur lafiya lau take tafiya amma da na tsaya a danja ko na taka birki zan sha kwana sai allurar rpm mai nuna saurin juyawar injin ta zubo ƙasa, motar ta kama karkarwa kamar mai jin sanyi sai ɗif ta mutu, in esi na kunne kuwa abin ya fi muni. Na kai ta wani gareji, bawan Allahn nan ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce "Yallaɓai ai katalis ɗinka ne ya toshe, injin ba ya numfashi, bari mu cire shi mu sa maka bututu ka huta." Katalis ɗin nan shi ne tukunyar da ke jikin salansa mai tace hayaƙin mota. Yadda ya yi maganar da ƙarfin gwiwa ko kai ne sai ka yarda. Ya ce in je in dawo da yamma. Da na dawo mota ba ta mutuwa, na biya na yi godiya na tafi.

Kwana huɗu ba a cika ba ta koma gidan jiya, ga ƙara ta ƙaru, ga warin hayaƙi har cikin mota, mai kuma kamar ana tsiyayar da shi. Na koma sai labari ya canza, wai yanzu kwamfutar motar ce ta ƙone, kuma yana da wata a hannu da zai ba ni in bar masa tawa. Nan jikina ya ba ni.

Wani makanike na daban na samu, shi bai ce komai ba sai da ya jona na'urar gwaji a ƙasan sitiyari, lamba ta fito P0171, ya ce ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a injin. Ya tada motar ya sunkuya yana saurare, sai ya kira ni ya ce in kasa kunne, wallahi kana jin wani siririn huci fiiii daga bayan injin. Wani ƙaramin tiyo ne ya bushe ya tsage, tsagar ba ta fi tsawon farce ba, da ya danne ta da ɗan yatsa nan take karkarwar ta lafa. Ya kwance bakin totur ɗin ya goge da tsumma da man wanki na feshi, tsumman ya fito baƙi ƙirin, haka ma bawul ɗin silo, mai ba injin iska in ba a taka totur ba, duk ya cushe da dauɗa. Iyakar ciwon motar ke nan fa! Sannan ya nuna mini abin da na farkon ya yi, ya ɗaure wayar totur ce silo ya hau wajen 1,300 don kar ta mutu a gabana, alhali mota in ta yi zafi yawanci tsakanin 600 da 900 take zama.

To me ya sa suke kwaɗayin katalis? Abin da ke cikinsa mai kama da saƙar zuma an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, akwai masu sayensa. Wato ka biya kuɗin aiki kuma an tafi da kayanka an sayar, riba biyu a kanka. Gaskiya ne katalis yana toshewa har ya kashe mota, ba na musun wannan, amma alamarsa ita ce mota ta rasa ƙarfi, ka taka totur ta ƙi jawa musamman a hawa, kuma ana gwada shi kafin a yanke. Motar da ke gudu garau sai an tsaya take mutuwa, da wuya a ce daga nan za a fara.

Inda ake farawa shi ne ƙananan abubuwa, tiyon iska da ya tsage, dattin bakin totur, bawul ɗin silo a tsofaffin motoci (sababbi masu totur na lantarki ba su da shi, su bayan wanki wani lokaci sai an sake saita silon), sensan iska da ke bayan filta, fulogi, famfon mai da ya yi rauni, ko bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin) da ya maƙale a buɗe. Ita kuwa kwamfutar mota ba kasafai take lalacewa ba, duk wanda ya fara da ita bai gwada komai ba ka ji tsoronsa, don taka mai lafiya yake so ya musanya da wadda ba ka san tarihinta ba.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona na'urar nan ta OBD2, saboda haka ka ce a jona a gabanka ka ga lambar da idonka ka ɗauki hotonta kafin a goge. In ka murɗa makulli kafin ka tada injin ka duba fitilar cek injin ta kama, in ba ta kama ba akwai yiwuwar an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Kuma duk abin da aka cire a motarka naka ne, ka ce a sa maka a but tun kafin a fara aiki.

Ni da na koma wurin makaniken farko neman katalis ɗina cewa ya yi yaran gareji sun kwashe da shara, yana faɗa ko ido bai ɗago ya kalle ni ba. Yanzu motar ba ta mutuwa amma lambar P0420 mai nuna katalis ba ya aiki na nan a kanta, sai na sayi wani na mayar.