Ingila ko Sikotland: yaushe yaron da aka haifa a Maris zai fara nazare kyauta?

'Yar'uwa, ga yadda na fahimci tambayarki. Kuna zaune a Manchesta da ke Ingila, maigida ya samu aiki a Gilasgo da ke Sikotland, yaronku zai cika shekara 3 a watan Maris na 2026, kuma bizarku na ɗauke da sharaɗin nan na NRPF, wato ba a yarda ku ci tallafin gwamnati ba. Kina son sanin inda yaron zai fi saurin samun gurbin nazare da gwamnati ke biya, da inda awannin suka fi yawa. Amsar ta rabu gida biyu: Ingila ta fi sauri, Sikotland ta fi yawa. Watan haihuwar yaronki ne ya sa abin ya fito haka.

Mu fara da ranar farawa. A duka ƙasashen ba a ranar da yaro ya cika shekara 3 ake fara biya ba, sai zangon karatu da ke biye. Inda suka bambanta shi ne wurin da aka ja layi. A Ingila, wanda aka haifa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris zai fara daga 1 ga Afrilu. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, sai 1 ga Satumba. Daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba, sai 1 ga Janairu. A Sikotland kuwa 'yan Janairu da Fabrairu kaɗai ke farawa a zangon da ke biyo bayan hutun Ista. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta duk rukuni ɗaya ne, sai makarantu sun koma a Agusta. Kin ga ke nan yaronki a Manchesta zai shiga a Afrilun 2026, a can kuwa doka ba ta wajabta a ba shi gurbi ba sai Agusta. Da a ce ranar 27 ga Fabrairu aka haife shi, da wannan giɓi na wata huɗu bai taso ba. Sai dai wasu ƙananan hukumomin Sikotland suna karɓar yara tun kafin ranar da doka ta tsayar, saboda haka ki buga wa ta unguwar da za ku zauna waya ki ji tsarinsu.

Yanzu awanni, kuma a nan ne nake so ki natsu sosai, domin mutanenmu da yawa suna jin ana cewa "awa 30 kyauta a Ingila" su ɗauka na kowa ne. Abin da kowane yaro ɗan shekara 3 ko 4 yake da shi a Ingila awa 570 ne a shekara, wato awa 15 a mako na tsawon mako 38. Wannan ba ruwansa da irin bizarku, yaronki zai samu. Awa 30 kuwa na iyaye masu aiki ne. Tun Satumbar 2025 aka faɗaɗa shi har zuwa jarirai daga wata 9, amma da sharuɗɗa: kowanne daga cikin iyayen sai yana samun aƙalla kwatankwacin ladan awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, kuma kada ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Ana neman wata lamba ta intanet daga hukumar haraji ta HMRC, a kai wa makaranta, a riƙa sabunta bayanai duk wata uku. Uwa uba, wanda zai nema dole ya zama yana da damar cin tallafin gwamnati. In ke da maigida dukkanku kuna da NRPF, ƙofar nan a rufe take, ko da dare da rana kuke aiki kuna biyan haraji. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin 'yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda suka fi kowa buƙatar inda za su ajiye yaro, su ne aka bari a waje.

Sikotland ba ta bi ta wannan hanya ba. Tun Agustan 2021 kowane yaro ɗan shekara 3 ko 4 yana da awa 1,140 a shekara, ninki biyu cif na abin da Ingila ke bai wa kowa. Ba a tambayar ko kina aiki, ba a duba albashi, babu lambar da za a yi ta sabuntawa. Za ki iya ɗauka awa 30 a mako a lokacin karatu, ko ki shimfiɗa shi a tsawon shekara ya koma kamar awa 22 a mako. Kuɗin yana bin yaro, ko nazaren hukuma ce, ko ta kuɗi da ta ƙulla yarjejeniya da hukuma, ko mai reno a gidanta mai rajista. Abincin yaro ma yana ciki. A Ingila makaranta na iya caje ki kuɗin abinci da pampas da 'yan fite-fite. Ƙa'ida ta ce kada a mayar da su dole, amma ki nemi a rubuta miki su dalla-dalla kafin ki sa hannu. A duk inda kuka sauka, tun ranar cike fom ki yi maganar abincin halal, kada ki bari sai yaro ya fara.

Akwai wani ɓangare da ba a cika lissafawa da shi ba, kuma adalci ne in faɗa miki shi. A Ingila yaronki zai shiga ajin share fagen firamare a Satumbar 2027, yana ɗan shekara 4 da rabi, wuni guda kuma kyauta. A Sikotland aji ɗaya na firamare sai Agustan 2028, yana da shekara 5 da wata biyar, amma zai yi shekara biyu cur a nazare kafin nan, awa 2,280 ke nan. Saboda haka daga kakar 2027 kusan kunnen doki ne ta fuskar awannin da yaro zai yi a hannun malamai. Ainihin bambancin yana wuri biyu: Afrilu zuwa Yulin 2026 Ingila na ba ki awa 15 a mako alhali Sikotland ba lallai ta ba ki komai ba, sannan shekarar karatu da ke biye Sikotland na ba ki 30, Ingila 15. Zango ɗaya na awa 15 bai kai shekara guda ta ƙarin awa 15 ba. Ga iyali irin naku, Sikotland ta fi, nesa ba kusa ba.

Da kuna da takardar zama ta dindindin, dukkanku kuna aiki, kuma yaron bai kai shekara 3 ba, da na ce miki akasin haka, domin a Sikotland 'yan shekara 2 sai waɗanda iyayensu ke kan wasu nau'o'in tallafi ko yaran da su ko iyayensu suka taɓa zama a hannun hukuma.

In da hali, shawarata ita ce yaron ya ci zangon Afrilu a Manchesta, ku tashi a Yuli, ya fara a can a Agusta. Amma haƙƙin awanni daban, samun gurbi a makarantar da kike so daban. Ƙananan hukumomin Sikotland da yawa suna karɓar takardun neman gurbin Agusta tun farkon shekara, kuma za su nemi takardar haihuwar yaro da shaidar adireshi. Da zarar maigida ya kama gida, a tura takardun da wannan adireshin, a kuma rubuta makaranta fiye da ɗaya. A Manchesta ma ki sa sunansa tun yanzu, don zangon Afrilu shi ne lokacin da gurabe suka fi cika.