VirtualBox: haɗa baƙuwar kwamfuta da mai masaukinta

VirtualBox, manhajar da kamfanin Innotek na Jamus ya ƙirƙira kafin ta koma hannun Sun a 2008, sannan Oracle a 2010, tana ba mutum damar girka wata kwamfuta a cikin tasa ba tare da biyan ko kwabo ba. Girkawar ba ta da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sa baƙuwar, wato kwamfutar da aka girka a ciki, ta yi magana da mai masaukinta, wato kwamfutar ta ainihi.

Tsarin sadarwar da manhajar take zaɓa da kanta shi ne NAT, inda baƙuwa ke fita intanet ta bayan mai masauki. Baƙuwa tana karɓar adireshin 10.0.2.15, ta shiga intanet nan take, har ma ta iya kaiwa ga mai masauki ta 10.0.2.2, amma shi ba ya iya isa gare ta. Ɗalibin da ya kafa sabar gwaji a Ubuntu zai yi ta buga adireshin a burauza, shiru kake ji, kuma babu wani saƙo da zai fito ya faɗa masa dalili. A ganina wannan shi ne babban raunin manhajar. Ana iya tura ƙofa (port, lambar da kowace hidima ke saurare a kanta), misali a haɗa ƙofa 2222 ta mai masauki da ƙofa 22 ta baƙuwa domin SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, sai dai kowace hidima da nata layin da za a rubuta.

Tsarin Bridged, wanda ke jona baƙuwa kai tsaye da layin da mai masauki yake kai, yana aiki, amma ga mai jona kwamfuta da intanet ɗin wayarsa adireshin yakan canza, kuma duk wanda ke kan layin yana iya ganin baƙuwar.

Abin da ya sa nake yaba wa VirtualBox shi ne tsarin Host-only, keɓaɓɓen layi tsakanin mai masauki da baƙinsa kawai. Mai masauki yana riƙe 192.168.56.1, baƙi kuma suna farawa daga 192.168.56.101, suna magana da juna ko da data ta ƙare. Tun da shafin saiti yana ba da gurbin katin sadarwa har huɗu, shawarata ita ce a bar na farko a NAT domin intanet, a sa na biyu a Host-only domin aiki. Mai amfani da Linux ya sani cewa tun daga fitowar 6.1.28 ba a karɓar adireshin Host-only da ya fita daga 192.168.56.0/21 sai an rubuta shi a fayil ɗin /etc/vbox/networks.conf. Idan kuwa baƙuwar Windows ce ta ƙi amsa ping, wato saƙon gwada ko ana isa gare ta, a fara duba katangar tsaronta kafin a taɓa saitin VirtualBox.