Canon 2000D ko Sony a6000: wacce za ka saya?

Dukansu biyun kyamarorin hoto ne masu megafiksel 24 (ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto), saboda haka kada mai shago ya ruɗe ka da wannan lambar. Bambancin yana wajen sauri.

Sony a6000, wadda ta fito a 2014, tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa ɗaya, kuma tana da maki 179 na saita ido kan abu. Canon 2000D ta 2018 kuwa hoto 3 take ɗauka, makinta 9 kacal. A ranar hawan sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje, Sony za ta kama maka ƙurar kofato da rawanin da iska ta ɗaga, Canon kuma sau da yawa sai dokin ya wuce.

Amma Canon ta fi riƙe caji, wajen hoto 500 kafin batir ya mutu, Sony kuwa kimanin 360. Ga shi Sony ba ta da madubi a gaban sansa, wato ɗan farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, don haka a lokacin hunturu ƙura kan shige ta da zarar ka cire lens, wato gilashin gaban kyamara.

Mai hoton biki ko situdiyo, Canon ta wadatar da shi. Ni dai in don motsi ne, Sony zan ɗauka, in haɗa da batir na biyu.