Kayan jariri da araha, mai riƙon jariri da tsada: wasiƙa daga Lesta ta Ingila

Auta, barka da sauka, barka da shan ruwa. Allah Ya raya mana shi bisa sunna, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Na ga hotunan suna, na ga Hajiya ta kame a tsakiyar mata kamar ita ta haihu. Saƙonnin muryarki sun taru mini har goma sha ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta amsa gaba ɗaya, ki karanta a nutse, wanda ya kamata Hajiya ta ji ki karanta mata.

Kin ce in aiko miki da kayan jarirai "'yan Ingila". Da na ji sai da na yi dariya, na tashi na juya wuyan rigar 'yata Ummi na duba: Bangaladash. Ta biyu Indiya, ta uku Sin. Kayan da ke shagunan Primark da Asda da Tesco kusan duk daga can ake ɗinko su, inda na Sabon Gari ma suke fitowa. Abin da ya bambanta shi ne farashi idan aka auna shi da abin da mutum yake samu. Mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya a nan ga masu shekara 21 zuwa sama, a Afrilun 2025 an mayar da shi fam 12 da kwabo 21, kuma ƙunshin 'yan rigunan ciki guda bakwai bai kai wannan ba. Ga shi gwamnati ba ta ɗora harajin saye a kan tufafin ƙananan yara, alhali na manya kashi 20 cikin ɗari ake ƙarawa. Gwanjo kuwa nan ce mahaifarsa. Shagunan ƙungiyoyin agaji cike suke da kayan da aka sa sau biyu aka ajiye, wasu ma da takardarsu a jiki, ga manhajar Vinted a waya inda mata ke sayar da jaka guda a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ragowar da ba a saya ba ake ɗaurewa dila-dila a tura Afirka. Ba mamaki rigar da na ƙi ɗauka bara ita za ki gani bana a Ƙofar Wambai.

Sai dai yawancinsu don sanyi aka yi su. Me za ki yi da rigar ulu mai rufe har tafin ƙafa a Kano cikin Afrilu? Zan zaɓo miki na auduga marasa nauyi, masu maɓalli a ƙasa don saurin canza famfas, kuma na 'yan wata uku zuwa shida zan saya. Na sabuwar haihuwa asarar kuɗi ne, Ummi ba ta yi sati uku a cikinsu ba.

Kashegarin da aka sallame mu ungozomar asibiti ta zo har gida, haka suke yi wa kowace mai jego. Ta tarar na naɗe yarinya irin naɗinmu: hula, safa, rigar sanyi, shawul, ga bargo a sama, ga hita na ci. Ta yi murmushi, ta dinga zarewa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare albasa. Ta ce zafin ɗakin jariri kada ya wuce digiri 16 zuwa 20, a kwantar da shi rigingine a nasa gadon, ba matashi, ba bargo mai kauri, ba hula a cikin ɗaki, domin yawan zafi yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'a ga jarirai a cikin barci. In ana son sanin ko ya ji zafi, ƙirji ko bayan wuya ake taɓawa, ba hannu ba. A raina na ce wannan a ƙasar da ƙarfe huɗun yamma ke zama dare a Disamba ke nan, ina ga mu da muke sa wa jariri hular ulu ana narkewa. Ki rage masa kaya, Auta, ko ƙurajen zafi ma za su bar shi. Gidan sauro kam ban da wasa da shi. Ni nan ban taɓa ɗaura shi ba, ke kuwa ba ki da abin da ya fi shi.

Yanzu ga babbar maganar, inda za ki ajiye shi in kin koma aiki. A takarda hutun haihuwar nan abin sha'awa ne: sati 52, ana biyan 39 daga ciki. Amma satin shidan farko kaɗai ake ba ki kashi 90 na albashinki, sauran wani ɗan ƙayyadadden abu ne da ko kuɗin haya ba ya biya. Don haka mata da yawa, har da ni, wata tara na cika suke komawa. Duk da haka ya fi wata ukun da yawancin ma'aikatu ke bayarwa a gida. Legas da Kaduna ne na san sun mayar wa ma'aikatansu wata shida.

Ranar da na fara zagayen gidajen raino na dawo jiki a sanyaye. Na kusa da mu ya ce fam 68 a wuni, kuma sai na shiga layin jira, wasu tun suna da ciki suke rubuta suna. Ki buga a kwana biyar, ki buga a sati huɗu, sannan ki juya da canjin yau. Abban Ummi da ya yi lissafin shiru ya yi, can ya ce to ai gidan rainon zan dinga yi wa aiki. Tsadar tana da dalili. Doka ta ce 'yan ƙasa da shekara biyu, mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da uku ba. Kowace ma'aikaciya sai an binciki tarihinta. Hukumar Ofsted tana zuwa duba su, ta wallafa sakamako kowa ya gani. Da yamma sai ki ga an turo miki a waya ƙarfe nawa ta yi barci, cokali nawa ta ci, sau nawa aka canza ta. In ta yi amai ko gudawa, sai ta yi awa 48 a gida bayan ya tsaya, kuɗinki kuwa ba ya dawowa. In kika makara wurin ɗauka, akwai tara.

Akwai tallafin gwamnati, kuma daga Satumban 2025 iyaye masu aiki suna samun awa 30 a sati kyauta tun yaro na wata tara. To amma irinmu da bizarmu ta ce ba mu da rabo a kuɗin jama'a, wannan ba namu ba ne. Namu sai yaro ya kai shekara uku, a ba shi awa 15 da ake ba kowa. Shi ya sa za ki ga gidajen 'yan Najeriya da yawa miji na aikin dare mata na aikin rana, a bakin ƙofa ake miƙa yaro kamar sandar tsere. Mu ma haka muka yi wata huɗu, kafin na samu wata Basomaliya mai rajista da ke raino a gidanta kwana biyu a sati.

Wannan ne ya sa da na ji kina ƙorafin gida ya cika da mutane, kowa da tasa shawarar, sai na ji kamar in yi kuka. Ke kina wankan gida, Hajiya na tashi da asuba ta dafa miki ruwa, Gwaggo na yi wa yaro wanka, yaran maƙwabta na rububin ɗaukarsa ki samu ki runtsa. Ni na yi arba'in ɗina ni da bango huɗu. Rana ta tara da haihuwa na tsaya ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya. Kada ki raina waɗannan hannayen, a nan da awa ake sayensu. In kuma dole sai gidan raino, kada fenti da hotunan bango su ruɗe ki. Ki je da rana tsaka ba tare da sanarwa ba, ki ƙirga jarirai, ki ƙirga masu riƙonsu, ki duba inda suke wanke hannu da ruwan da suke amfani da shi. Barin jariri kuma a hannun 'yar aikin da ita kanta ba ta wuce raino ba, wannan ban yarda da shi ba ko a gidan waye.

Batun nono. Kin ce kina ganin ba ya isarsa, kuma an fara cewa ki haɗa masa da madarar gwangwani da ruwa saboda zafi. Abin da zai ba ki mamaki, Turawan da muke zaton su suka fi kowa bin likita suna cikin na baya-baya a duniya wurin shayarwa. Binciken da gwamnatinsu ta yi a 2010 ya nuna kusan mace ɗaya ce cikin ɗari take kai wata shida tana ba da nono zalla. Shi ya sa asibiti ke lallashi, ake buɗe wuraren da masu jego ke haɗuwa a koya musu riƙon yaro, abin da mu muke tashi muna gani a tsakar gida. Har doka suka yi a 2010 cewa ba mai ikon korar mace daga gidan abinci ko motar haya don tana shayarwa, kuma an hana tallar madarar jarirai ta farko ga jama'a. Da na gaya wa wata abokiyar aikina cewa mu Alƙur'ani shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa, sai ta zaro ido.

Amma su ma sun koya mini abu. Ana haihuwa aka ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, ta kama cikin awar farko. Dakashin nan da wasu tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar, cewa suka yi shi ne rigakafinta na farko. Sun ce wata shida ba ruwa, domin nonon kansa mafi yawansa ruwa ne, kuma yawan tsotso shi ke kawo shi. Kina fara cika masa ciki da wani abu, naki zai ja baya. Hanyar gane ko yana ƙoshi ba kuka ba ne: in ya wuce satin farko yana jiƙa famfas shida ko fiye a wuni, kuma nauyinsa na hawa a awo, ya isa. In ba haka ba, asibiti za ki kai shi, ba shagon madara ba. Madarar ma ka'idarta tafasasshen ruwa da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, da bulumboti da aka dafa kowane lokaci. Wa zai iya wannan da ƙarfe biyun dare babu wuta?

Injin tatsa yana da araha a nan, kuma sun ce nonon da aka tatsa yana kai kwana takwas a firij mai sanyin digiri 4, wata shida a firiza. Wannan lissafin masu wutar da ba ta ɗaukewa ne. Ke ki tatsi na wuni ɗaya kawai a mazubi mai murfi. Ummi kuma ana ɗiga mata bitamin D kullum saboda ƙarancin rana, ke ki tambayi nas ɗinku kafin ki kwaikwaye ni.

Ga wanda za ki karanta wa Hajiya a hankali, in ta yi faɗa ki ce ni na ce. Kunun kanwa a rage kanwar, ruwan wanka kuma kada ya zama na ƙona fata. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. In kika ga ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kayan za su zo ta hannun matar abokin Abban Ummi da za ta taho bayan salla: riguna ƙunshi uku, injin tatsa na hannu wanda ba ruwansa da lantarki, da ma'aunin zafin jiki. In za ta dawo, ki haɗo mini zannuwan goyo biyu daga Kantin Kwari, masu ƙarfi, da majanyi, don keken jariran nan ya ishe ni a matakalar bene, kuma duk ranar da na goya ta zuwa kanti sai wata tsohuwa ta tsayar da ni tana tambayar yadda ba ta faɗowa. Ki sa yajin jego da kuka da kuɓewa busasshiya. Kilishi kada ki wahalar da kanki, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za a karɓe. Ki gaida Hajiya da Gwaggo da angon ƙarni, ki shafa mini kan yaron.

Yayarki.