Gidan da ya sha fenti ko wanda aka bari da tsufansa: wanne za a saya a cikin gari?

Malam, ga tambayarka a taƙaice. Shagonka yana Kantin Kwari a Kano, ka gaji da cunkoson safe da yamma daga bayan gari, kana son gida a cikin Badala inda za ka riƙa takawa da ƙafa zuwa kasuwa, masallaci da makarantar yara. Dillalai sun nuna maka biyu. Na Yakasai ya sha sabon fenti da tayil da silin POP, har labule da kujeru an jera. Na Zango gidan gado ne, an kwashe kaya an bar shi yadda yake, kuma kuɗinsa ya gaza na farkon da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Wajen kusanci babu abin musu. Daga unguwannin biyu ana takawa zuwa Ƙofar Mata da Asibitin Murtala da Kwari, kuma wannan kusancin shi ne mafi yawan kuɗin da za ka biya. A cikin gari wuri ake saya, gini ƙari ne. Abin da ya rage a auna shi ne ko ratar kuɗin nan aiki ta saya ko rufa-rufa.

Kwalliyar gidan sayarwa iri biyu ce. Akwai wadda take fito da gida: a kwashe tarkace, a wanke tsakar gida, a shafa farin fenti, a sa ƙwan fitila mai haske, a gyara famfon da yake ɗiga. Wannan halas ce, ba ta da tsada, kuma duk mai sayarwa mai hankali zai yi ta. Ɗayar kuwa ɓoye aibu take yi. Wahalar ita ce ranar farko duka biyun kamarsu ɗaya.

A bango ake fara rabewa. Gidajen cikin gari da yawa ginin ƙasa ne da aka yi wa rigar siminti daga baya. Siminti ba ya numfashi yadda yaɓen ƙasa yake yi, saboda haka danshin da ya hau daga gindin bango sai ya maƙale a ciki, ƙasar ta yi laushi, filastar ta rabu da ita. A gidan Zango wannan duk a fili yake: za ka ga layin danshi daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, da farin gari kamar kanwa, da inda filasta ta kumbura. Munin gani ne da shi, amma birkila zai iya tsayawa ya ce maka buhu kaza, yashi kaza, kwana kaza. A gidan Yakasai kuwa sai ka bincika da hannunka. Ka ɗauki makulli ka riƙa ƙwanƙwasa bango taku-taku. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta saki. Ka manna leda mai faɗin ƙafa ɗaya a gindin bango da salatef, ka toshe gefunanta huɗu, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. In ka tarar da gumi a ƙarƙashinta, fentin nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Tayil da aka manna a bangon ɗaki zuwa ƙugu, ba a banɗaki ko kicin ba, shi kansa alama ce ta a tambaya. Sannan ka nemi izinin maƙwabci ka duba bangon ta ɓangarensa, domin babu mai yi wa bayan katanga kwalliya.

Rufi ma haka. Inda aka bar azara ko kwano a buɗe, kana ganin cin gara da tsatsa da tabon yoyo. POP yana rufe wannan duka, kuma idan ruwa ya jiƙa shi nauyi yake yi ya faɗo. Ka sa kafinta ya hau ta ƙofar silin da tocila. In ba a bar ƙofa ba, ka ce a buɗe, kai ka biya kuɗin mayarwa. Wanda ya ƙi, ya ba ka amsa.

Kujerun da aka jera kada su ɗauke maka ido. Tsofaffin ɗakuna sukan zama matsattsu, saboda azara ba ta ɗaukar tazara mai tsawo sai da ginshiƙi ko bakan gizo. Ƙananan kujeru da madubi da farin fenti suna sa ɗaki ya yi kamar ya buɗe. Ka tafi da tef. Gado mai ƙafa 6 da 6 da durowa da wurin shimfiɗa sallaya suna son ɗaki kusan ƙafa 12 da 12. In ya gaza ƙafa 10 a faɗi, uwargida ce za ta fara gaya maka. Turaren wuta kuma, a ce a bari ya huce, a rufe ɗakin awa ɗaya, sannan ka shiga ka shaƙa.

Ruwa ne babban alƙali, kuma a nan fenti ba ya taimakon kowa. Shekara da shekaru ana cike lunguna ana ɗaga kwata, har wasu gidajen tsakar gidansu ta koma ƙasa da hanya. Ka tsaya a bakin zaure ka duba: shiga gidan gangarawa ake yi ko hawa? Ka zuba bokiti uku a tsakar gida da banɗaki, ka ga inda ruwan ya nufa da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya fita ta rariya. Sabon tayil da aka ɗora a kan tsohon daɓe ba tare da an fitar da gangare ba yakan tara ruwa a kusurwa, ko ya tura shi ƙofar ɗaki. Gidan da ya nutse kuwa gyaransa ciko ne, kuma in ka ɗaga daɓe dole ka ɗaga ƙofofi, wani lokaci har rufi. In da hali ka ga gidajen biyu a watan Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama. In rani ne, ka tambayi mai shagon bakin lungu, ba dillali ba. Ka auna kuma tsakanin rijiya da masai. Abin da ake so aƙalla mita 15, kuma ƙananan gidajen cikin gari da wuya su cika wannan, ballantana masan maƙwabci da yake jikin katanga. Irin wannan rijiya ta wanki ce, ba ta sha ba.

Faɗin lungu yana shafar gidan Zango fiye da ɗayan, tunda shi ne mai buƙatar aiki. Adaidaita sahu faɗinta kusan mita 1.3 ne. In ba ta shiga, to tifa a bakin titi za ta juye yashi, a kwaso da baro, a fitar da ɓaraguzai da baro, kowane sawu da kuɗinsa. Haka motar kwasar masai, haka mai jinya da tsakar dare.

Takarda ita ce inda gidan gado yake da nauyi. Ka ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka san magada nawa ne, kowa ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce, har wanda yake Legas ko Makka, da mata, da waliyyin marayu. Kada ka sayi kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba, domin a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Gidan Yakasai ma ba a ɗauke masa tambaya ba. Gidan da aka gyara don sayarwa sau da yawa ya riga ya sauya hannu, sai a bi sarƙar: wa ya sayar wa wa, da shaidar mai unguwa da dagaci a kowace gaɓa. In yana da takardar mallaka ta gwamnati, lauya ya duba fayil a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ko an jinginar da shi ga banki, kuma ka tuna Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa sauya hannu sai da izinin gwamna. In rushewa za ka yi ka ɗora bene, izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, da batun katangar haɗaka da maƙwabta sai an gama su kafin a ɗaga diga. Ka karɓi lambar mita ka tambayi kamfanin wuta na KEDCO ko akwai bashi.

Ga lissafin. Ka kai birkila da kafinta da mai wayarin naka, ba na dillali ba, su yi wa gidajen biyu kiyasi a rubuce. A kan na Zango ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da za a tarar in an fasa, da kuɗin baro, da hayar watannin da za ka ci gaba da biya kafin ka tare. La'ada, wadda galibi kashi 5 cikin 100 ce, tana hawa da farashi, wato har fentin nan za ka biya wa la'ada.

A ganina, in niyyarka rushewa ce ko babban gyara, na Zango ya fi, muddin magada sun cika kuma lungun yana shigar da kaya. Sayen tayil da POP da za ka farfasa asara ce. In kuwa tarewa kake so cikin wata guda, kuma na Yakasai ya tsallake gwajin leda da bokiti da hawan silin, ratar kuɗin ta cancanta. In ya faɗi ko da ɗaya, ka taya shi a farashin gidan da ba a gyara ba. Ko wanne ka zaɓa, kafin alƙalami a ba da shi gaban shaidu, da sharaɗin mayarwa in takarda ta ƙi, kuma a rubuta abin da zai zauna a gidan ɗaya bayan ɗaya: fankoki, tankin ruwa, injin rijiya, mita, ƙofofin ƙarfe. Labule da kujeru galibi na aro ne, ranar biyan kuɗi ake zuwa a kwashe su.